Akwatunan da Ido Ba Ya Gani

Ringim, ranar Litinin

Zuwa ga maigida Malam Muhyiddeen, tela, Yalwawa, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya mahaifiyarka da mutanen gida duka. Mu nan lafiya lau, in ka cire cewa safe da yamma Inna na tsoma ni a ruwan zafi kamar kazar da za a fige. 'Yarka Zulfa tana ci tana barci. Hancinka ta ɗauko sak, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa.

Na san ka kira waya ba ta shiga. Inna ce ta ƙwace ta. Wai mai jego ba ta kallon gilashi, ido zai lalace. Ta jefa ta cikin adaka, mukullin na ɗaure a bakin zaninta har in yi arba'in. Kai kuma na san ko za a mutu ba za ka kira lambar surukarka ka ce a ba ka matarka ba. To sai takarda. Sadisu direba zai riƙa kawo maka, ka riƙa ba shi amsa.

Maganar shagona na yankan sitika ce. Kada ka manta abin da Hajiya ta ce ranar suna da yayanka Mailafiya ya nemi a ba shi ɗakin shagon ya zuba taki da maganin feshi. Ta ce in shagona na aiki a bar mini, in kuma ya zama na kulle da kwaɗo a ba shi. Yaya ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya yi cinikin buhuna. Saboda haka aikin Alhaji Bunu na Haɗeja shi ne shaidarmu. Manyan motocinsa na shinkafa suna wurin mai fenti a Limawa, ranar Asabar za su koma hanya, kuma dole sunansa ya kasance a ƙofofinsu da sitika mai ruwan zinariya. Naɗin sitikar guda ɗaya ne, da kansa ya kawo daga Kano, babu irinta a Dutse.

Aikin na riga na cinye shi tun kafin naƙuda. Kunna kwamfuta, buɗe Korel, manhajar da nake zane da ita, za ka ga sunansa da lambar wayarsa. Abin da ya rage kawai akwati ne da zai zagaye sunan. A gefen hagu akwai alama mai kusurwa huɗu. Danna ta, ka ja maus daga saman sunan zuwa ƙasansa, ka saki. Sai ka tura wa injin yanka kamar yadda ka sha ganina ina yi. Mutumin da ke fitar da aska takwas a wuyan babbar riga ba zai gaza akwati ɗaya ba. Kada ka taɓa komai bayan wannan.

Ka gaida Hajiya. Ka gaida Yaya ma, amma kada ka ba shi kujera.

Taka,
Zinariya

*

Dutse, ranar Talata

Zuwa ga mai ɗakina Zinariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ni, na karanta, na gode Allah da jin kuna lafiya. Ki miƙa gaisuwata ga Inna cikin girmamawa. Abin da ta yi game da waya daidai ne, manya sun fi mu sani.

Bayan haka, ina sanar da ke cewa kwamfutarki ta samu matsala. Na kunna ta da bisimilla, na ga sunan Alhaji kamar yadda kika faɗa. Kafin in fara, na lura da jerin launuka a gefen dama. Tunda babu ruwan zinariya a cikinsu, na ga ba su da amfani, kuma ni ba na fara aiki teburina na cike da tarkace. Na ga ɗan gida mai alamar X a samansu, na danna don in rufe su. Wani rubutun Turanci ya fito, na danna OK. Launukan ba su tafi ba. Na sake dannawa da ɗaya ɓangaren maus ɗin, rubutun ya sake fitowa, na sake danna OK. Ba su tafi ba, sai na ƙyale su.

Daga nan na ja akwati. Babu abin da ya fito. Na sake ja. Na ja babba, na ja ƙarami, na ja a hankali, na ja da sauri. Tun hantsi har aka kira la'asar ina ja, fuskar kwamfutar na nan yadda take. Mujahid mai cajin waya ya leƙo ya ce maus ne, ya ara mini nasa, na ci gaba da ja da shi. Duk ɗaya.

Yaya ya shigo ya tsaya a kaina. Ban ba shi kujera ba, da kansa ya ɗauka. Ya ce injin mace hannun mace yake ji.

Na yanke shawara tunda akwatin ya ƙi, gobe da safe zan yanka rubutun kaɗai. Abin da ido ya gani shi injin zai yanka, ai babu asara.

Ki shafa mini kan yarinya. Na bar ki lafiya.

Mijinki,
Muhyiddeen

*

Ringim, Talata da yamma

Malam,

Salamu alaikum. KADA KA YANKA. Gaisuwar na tafe a ƙasa, ka fara karanta wannan tukuna.

Kofin kunun kanwa na hannuna na karanta takardarka, saura kaɗan in sheƙa wa 'yarka. Na ce kada ka taɓa komai, kai kuma ka je ka taɓa abu ɗayan da ya fi komai haɗari a shagon nan. Da ka sha ruwan batir ma da ya fi mini sauƙi.

Kwamfutata lafiyarta ƙalau. Saurara da kyau, zan yi maka da yarenka. Duk abin da aka zana a wurin nan abu biyu gare shi: yadi da kalmasa. Yadin shi ne launin cikinsa, kalmasar ita ce layin gefensa. Danna launi da hagun maus, ka ba shi yadi. Danna da dama, ka ba shi kalmasa. Wannan X ɗin da ka ɗauka ƙofar fita ce, ma'anarta babu. Ka danna da hagu, babu yadi. Ka danna da dama, babu kalmasa. Kuma da yake ba ka zaɓi komai ba lokacin, Turancin da ya fito tambayarka yake: daga yau duk abin da za a zana a yi shi haka tsirara? Ka ce OK. Har sau biyu, Malam! Kai da ko kuɗin ɗinki aka tambaye ka sai ka ce a dawo gobe ka yi tunani.

To akwatunan nan duk sun fito. Kowane ɗaya. Tun na hantsi har na la'asar, da na maus ɗina da na maus ɗin Mujahid, suna nan jibge a kan sunan Alhaji Bunu. Kai ne ba ka ganinsu. Injin yanka kuwa ba shi da ido, ba ruwansa da launi, hanya kawai yake bi. Duk inda aka ja layi sai wuƙarsa ta bi ta wurin.

Ga yadda za ka gan su. A saman fuskar akwai inda aka rubuta View. Danna, ka sauko ka zaɓi Wireframe. Ni ƙwarangwal nake ce masa, don yana tuɓe wa komai kaya ya bar ƙashi. Za ka ga ta'asar da ka yi. Ka danna su ɗaya bayan ɗaya kana gogewa, ka bar guda ɗaya da ya zauna daidai. Ban ce ka zaɓi duka ka goge ba, sunan Alhaji zai bi su. In hannunka ya kuskure, Kontirol da Z na dawo da abin da ya tafi. Da ka gama, ka koma View ka mayar da ita yadda take, ka ba akwatin da ya rage launi don ka riƙa ganinsa.

Kuma daga yau ka riƙa kallon ƙasan fuskar ta dama. Akwai 'yan gidaje biyu a wurin, ɗaya na yadi, ɗaya na kalmasa. In ka ga X a dukansu, tsaya cak, abin da ke hannunka ba zai ganu ba.

Na roƙi Sadisu ya kama hanya da sassafe. Ya ce sai mota ta cika. Na ce in takardar nan ta makara, shi da kansa zai bayyana wa Alhaji Bunu. Dariya ya yi, ɗan banza.

Yanzu ga gaisuwa. Ina gaishe ka. Ina gaida Hajiya.

Zinariya

*

Dutse, ranar Laraba

Zuwa ga mai ɗakina Zinariya.

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da yarinya da Inna. Ina roƙon ki ajiye kofi kafin ki ci gaba da karatu.

Motar Sadisu ba ta cika da wuri ba. Bayan azahar ya iso. Ni kuwa na tura aikin tun da safe.

Injin ya fara da sunan Alhaji, ya fitar da shi tsaf, har na ce alhamdu lillahi. Sai na ga bai tsaya ba. Ya koma kan sunan yana kai da kawowa, yana yanka a tsaye yana yanka a kwance. Na yi zaton ado ne irin naku. Da na ga abin ya yi yawa na zare wayar wuta. Sitikar ta zama kamar an yanka kabeji. Na share shekaru ina riƙe da almakashi, ban taɓa ɓata wa mutum yadi haka ba. Ban iya cin abincin rana ba.

Yaya ya shigo ya ɗauki wani guntu ya ɗaga sama, ya ce, "Wannan harafin wane yare ne?" Da yamma ya dawo da tef yana auna bango. Alhaji Bunu ma ya aiko yaron motarsa. Na ce a faɗa masa ana kai. Ban yi ƙarya ba, ana kai ɗin.

Na auna abin da ya rage na bandirin. Zai isa ƙofofin duka, amma ko faɗin yatsa ba zai yi saura ba.

Na bi bayaninki na buɗe ƙwarangwal. Zinariya, na ji kunya. Kamar ragar masunta aka jefa a kan sunan bawan Allah. Na zauna na tsince su ɗaya bayan ɗaya kamar mai warware ɗinki, na bar guda ɗaya. Sai na zo ba shi launi kamar yadda kika ce. Na je Limawa da kaina na duba motocin, ƙofofinsu farare ne. Kin san ba a sa baƙin zare a farin yadi. Saboda haka na danna fari da hagu.

Yanzu akwatin ba ya ganuwa, kuma sunan Alhaji ma ya ɓace. Fuskar fari fat. Wutar ta ɗauke kafin in tuna da Kontirol ɗin nan. Da ta dawo na buɗe, haka na tarar. Ban sake taɓa komai ba. Ban kuma yanka ba.

In sunan ya tafi ke nan, ki faɗa mini gaskiya, in je in sami Alhaji in ba shi haƙuri tun Asabar ba ta zo ba. Laifin nawa ne, ba zan bari ya hau kanki ba.

Mijinki,
Muhyiddeen

*

Ringim, ranar Alhamis

Malam,

Wa alaikumus salam. Na ajiye kofin. Sai da na ajiye 'yarka ma, na fita bayan ɗaki na yi magana da bishiyar darbejiya, don abin da ke bakina bai dace da kunnen miji ba. Inna ta biyo ni tana tambaya ko mutuwa aka yi. Na ce a'a, tela ne ya shiga shagona. Na ɗauki mayafi na ce Dutse za ni. Ta ce in na taka ƙofar gida kafin arba'in, in nemi wata uwar. Ga ni zaune.

Ka san abin da ka cinye? Lokacin da Alhaji ya tambaye ni yawan sitikar da za ta isa, na ɗan ƙara masa, don abin da ya ragu in yi wa shagona allo mai ƙyalli da zai tsone wa Yaya ido. Wannan rarar ce ka mayar kabeji. Ba komai. Yanzu dai ba mu da ta kuskure.

Sunan Alhaji bai je ko'ina ba, kada ka je ka zubar mini da mutunci a gabansa. Farin yadi ka shimfiɗa a kansa. Takardar fara, akwatin fari, kuma shi ne a sama, sai ya rufe abin da ke ƙasa. Kai in aka kawo maka farar shadda, da farin alli kake yi mata alama? Ai shuɗi kake nema, ko ja, wanda za ka gani. To launin cikin kwamfutar nan alli ne, ba zare ba ne. Ba ya bin aikin zuwa jikin mota. Ko kore ka sa, ko ruwan goro, abin da zai fito daga injin zinariya ne, don ita ka ɗora masa.

Yi haka, kuma kada ka ƙara da hikimarka. Danna tsakiyar farin wurin, za ka ga ƙananan ɗigo baƙaƙe sun kewaye shi, alamar ka kama shi ke nan. Danna X da hagu, yadin ya tafi, sunan zai fito. Danna ja da dama, kalmasa ta zo. Yanzu kana da akwati mai jan gefe da ake hango ciki. Sannan ka danna can gefe inda babu komai, ka danna baƙi da dama. Turancin nan zai sake fitowa. Wannan karon na yarda ka ce OK, shi zai warware abin da ka ƙulla ranar Talata.

Kafin wuƙa ta taɓa zinariyar nan: a aljihun teburi akwai wani ɗan ƙarfe da biro a jikinsa. Cire wuƙar injin ka sa shi a madadinta. Shimfiɗa takardar siminti irin wadda kake fitar da fasalin riga da ita, ka tura aikin. Injin zai zana maka duk abin da yake niyyar yankawa, har wanda ka ɓoye wa kanka. In biro ya zana abin da ba ka sani ba, koma ƙwarangwal ka nemo shi. Sai takarda ta fito tsaf za ka mayar da wuƙa.

Ka ce ba ka ci abinci ba. Ka ci. Ba na son a ce na bar miji ya rame a kan akwati. Kuma wannan maganar ta cewa laifin naka ne ba za ka bari ya hau kaina ba, na karanta ta, na sake karantawa. Kada ka ɗauka ta sa na huce.

In Yaya ya dawo da tef, ka ce ya auna maka tsawon ƙofar mota tunda aikin awo yake nema.

Taka duk da haka,
Zinariya

*

Dutse, ranar Asabar

Zuwa ga mai ɗakina Zinariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina gaida yarinya.

Maganar alli ta shige ni. Da tun farko haka kika ce da ba a kai nan ba, amma ba gardama nake ba.

Na sa biro kamar yadda kika ce. Ya zana sunan, ya zana akwatin, sai kuma ya gangara ya ja wani ɗan siririn abu a tsakiyar lambar wayar Alhaji. Na koma ƙwarangwal na kusanto da wurin sosai. Wani ɗan akwati ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya maƙale a jikin lamba, shi ya tsere mini ranar Laraba. Na cire shi. Na sake gwadawa, takarda ta fito tsaf. Ga ta nan na naɗe na ba Sadisu ki gani da idonki.

Jiya bayan sallar Juma'a na yanka. Ban zauna ba har injin ya tsaya. Ni da mai fenti muka manna, ya riƙe sama ina bi da tsumma.

Yau da safe na roƙi direbobin su biyo ta Yalwawa kafin su ɗauki hanyar Haɗeja. Wannan hikimata ce, ki yi haƙuri. Suka jeru a ƙofar gida suna hon, rana na dukan zinariyar. Hajiya ta fito har zaure da carbinta. Alhaji Bunu ya sauko ya gaishe ta, ya ce aikin surukarta ya fi wanda ake yi masa a Kano, kuma akwai wasu motocin suna zuwa bayan girbi. Yaya na tsaye. Hajiya ta dube shi ta ce, "Mailafiya, taki ai ko a soro ya zauna." Da Yaya zai tafi ya ce in tambaye ki ko kina yin allon shago, da hoton buhu a jiki.

Shagonki na nan. Na share, na rufe injin da ƙyalle.

Abu ɗaya ya rage. Bayan na gama, na buɗe sabon shafi na zana miki wani abu. Na daɗe a kansa. Ba irin abin da zan iya rubutawa a takardar da Sadisu zai riƙe ba ne, kuma Mujahid na yawan leƙowa. Saboda haka na danna masa X da hagu, na danna da dama, da gangan wannan karon. Na ajiye shi da sunanki. In kin dawo kin san inda za ki duba.

Mijinki,
Muhyiddeen

*

Ringim, ranar Lahadi

Malam,

Wa alaikumus salam. Takardar simintin ta iso, na duba ta ciki da bai, ban sami abin faɗa ba, kuma na nema.

Ka ce wa Yaya ina yin allo. Farashinsa sai na dawo, ni zan faɗa masa da bakina.

Wato mako guda ina koya maka kada ka bar abin da ba a gani a cikin kwamfutata, ka tashi ka ajiye mini wani da gangan. Cire wayar injin daga jikinta, kada tsautsayi ya sa a yanka shi a kan sitikar mutane.

Kada ka goge.

Na tambayi Inna ko ana rage wa arba'in kwanaki in akwai uzuri. Ta ce wane uzuri. Sai ta ƙara wa ruwan wankan wuta.

Mene ne ka zana?

Taka,
Zinariya